Wa ke da ikon cewa "mun yafe"?

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, a dokar Ingila kashe mutum ya fi raunata shi arha. Idan keken dokin wani attajiri ya karya maka ƙafa, kana iya kai shi kotu ya biya ka. Idan kuwa ya bi ta kanka ka mutu, magana ta ƙare: haƙƙin ƙara ya bi ka kabari, matarka da 'ya'yanka ba su da ta cewa. Alƙali Ellenborough ne ya tsayar da wannan ƙa'ida a shari'ar Baker da Bolton a 1808, inda ya yanke cewa mutuwar mutum ba ta cikin ɓarnar da ake neman diyyarta a kotu. Abin da tsohuwar al'adarsu ta tanada shi ne a hukunta abin da ya yi kisan, a ƙwace keken ko dokin, ko a yi masa kuɗi a miƙa wa gidan sarauta. Sai jiragen ƙasa suka zo suka fara kashe mutane rututu, abin ya wuce a kau da kai. A 1846 majalisarsu ta soke waccan al'ada, ta kuma kafa dokar da ake kira da sunan Lord Campbell, wadda ta bai wa iyalin mamaci damar neman diyya daga wanda sakacinsa ya jawo mutuwar.

Wannan doka ta iso mana tuntuni. Arewacin Najeriya ya yi tasa tun a shekarun 1950, jihohi kuma suka gaje ta. Amma duk wanda ya san abin da ke biyo bayan tirela ta take mai tafiya a ƙasa a garuruwanmu, ya san a aikace muna nan inda Ingila take kafin 1846. Har yanzu abin da ya yi kisan muke hukuntawa, kuma har yanzu haƙƙin yana bin mamaci kabari.

A watan Janairun 2021 wata babbar mota ta gangaro ta afka wa shaguna a bakin jami'ar Adekunle Ajasin da ke Akungba a jihar Ondo, ta kashe mutane, ciki har da ɗalibai. A ranar Litinin ɗin Ista ta 2025, a Billiri ta jihar Gombe, wata mota ɗauke da hatsi ta kutsa cikin masu jerin gwano. 'Yan sanda suka ce mutum biyar sun rasu, suka kuma ce birki ne ya tsinke. Matasa suka cinna wa motar wuta. Ba na zargin wanda ya ga gawar ɗan'uwansa a kan kwalta da rashin haƙuri. Sai dai a duba abin da wutar ke ci a irin wannan hali: birkin da za a kwance a ga ko an taɓa gyara shi, tayoyin da za a ga ko sun suɗe, lodin da za a auna, takardun da ke gaban mota. Duk hujjar da marayu za su riƙe a kotu tana cikin abin da aka ƙona. Mai motar kuwa, wanda jiya ake bin sa bashin rai, yau ya zama shi ma mai kukan an yi masa ɓarna.

Inda ba a ƙona ba, ga yadda aka saba. Direba ya gudu ofishin 'yan sanda don tsira da ransa. Kafin sadakar uku, wakilan mai mota da shugabannin ƙungiyar direbobi sun iso gidan makoki da buhun shinkafa da ambulan. A yi addu'a, a yi ta'aziyya, wani dattijo daga dangin mamaci ya gyara murya ya ce kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira. A rubuta takarda a kai wa 'yan sanda, a saki mota, ta koma kan hanya da birkinta na jiya. Matar mamacin tana ɗaka cikin takaba, ba wanda ya tambaye ta. Babban ɗansa yana aji uku na firamare.

Ra'ayina shi ne mafi yawan wannan yafiya ba ta inganta ba, ko a ma'aunin da masu yin ta suke ganin suna bi. Kuma kai ƙarar mai babbar mota da kamfanin inshorarsa bai saɓa wa tawakkali ba, bai kuma zama kwaikwayon Turawa ba.

Mu fara da ma'aunin addini, tunda da shi ake rufe bakin mai son magana. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi hukuncin kisan kuskure: kaffara a kan wanda ya yi, da diyya da ake miƙa wa iyalin mamaci, sai fa idan su suka bar ta sadaka. A lura, wannan hukuncin wanda bai yi niyya ba ne. Wato cewa "ai ba da gangan ya yi ba" ba ta kawar da diyya, ita ce ma dalilin wajabcinta. Malaman Malikiyya sun ƙiyasta ta da raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, wanda a awon yau ya kai kilo huɗu da kwata. Masu fitar da lissafin nisabin zakka da sadaki a Najeriya suna haɗawa da na diyya, kuma adadin ya daɗe da shiga ɗaruruwan miliyoyin naira. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ke cikin ambulan.

Sannan diyya gado ce. Ana raba ta kamar yadda ake raba sauran abin da mamaci ya bari, kuma matar aure tana da rabonta a ciki. Sayyidina Umar da kansa ya koma ga wannan hukunci bayan da Dahhaku ɗan Sufyan ya sanar da shi cewa Annabi (SAW) ya umarta a gadar da matar Ashyam daga diyyar mijinta. Idan haka ne, baffan da ya ce "mun yafe" me ya yafe? In mamacin ya bar ɗa namiji, baffan ba shi da ko sisi a gadon. Ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Baligi a cikin magada yana iya barin rabonsa, lada kuma yana gare shi. Rabon yaro ƙarami kuwa dukiyar maraya ce, kuma ƙa'ida sananniya ce cewa waliyyi ba ya kyauta da dukiyar maraya, aikinsa ya tsare ta. Mutanen da ba za su yarda a taɓa akuyar marayu ba, su ne ke sallama haƙƙinsu mafi girma a zaure, a cikin minti biyar, don gudun a ce gidansu an ci kuɗin gawa.

Akwai wani abu kuma da fiƙihu ya riga dokar zamani gani. Diyyar kuskure ba a ɗora ta a kan wanda ya yi kisan shi kaɗai. Aƙila ce ke biya, wato danginsa na wajen uba, a rarrabe cikin shekara uku, kuma a zamanin Umar aka mayar da nauyin kan waɗanda suke rajista ɗaya da shi a diwani. Hikimar a fili take: kuskure ɗaya ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, don haka jama'ar da ke bayansa su ɗauka. Direban tirela na yau, da albashinsa da kuɗin hanyarsa, ko ya shekara ɗari yana tuƙi ba zai tara diyyar rai guda ba. Tausayin da ake ji masa a gidan makoki daidai ne, ni ma ina jin sa. Amma wace ce aƙilarsa a wannan aiki? Wanda ya sayi motar, ya ɗora masa lodi, ya yanka masa ranar isa, yake karɓar ribar kowane sawu. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Dokar ƙasa ma haka ta ce: ubangida yana ɗaukar alhakin sakacin ma'aikacinsa matuƙar a bakin aikinsa ya yi shi. Masu rubuta dokar Arewa ba su jahilci wannan dangantaka ba, domin da suka zo fayyace iyalin da ke da haƙƙin ƙara idan mamacin Musulmi ne, sai suka ce su ne waɗanda shari'ar Musulunci ta ba rabo a diyyar kisan kuskure.

To, me ake tuhumar mai mota da shi, alhali yana Legas ko Kano lokacin da abin ya faru? A nan ne kalmar "birki ya tsinke" take buƙatar a tsaya a kanta, don ita ce ke wanke kowa a rahotanninmu, kamar an ce tsawa ce ta faɗo. Tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Mai buhu 900 tan 45. Idan gudu ya ninka, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya takan ninka har sau huɗu. A doguwar gangara, direban da ya dogara da taka birki maimakon saukar da giya yana gasa birkin ne har ya daina kamawa, kuma kowane buhu da aka ƙara a kan ƙa'ida yana gaggauta hakan. Bututun iska da ke yoyo, taya 'yar gwanjo, direban da ya kwana biyu bai runtsa ba saboda da yawan sawu ake biyansa, karen mota da aka miƙa wa sitiyari da tsakar dare: kowanne daga cikin waɗannan shawara ce da wani ya yanke a ofis ko a gareji, bayan ya auna kuɗin gyara da kuɗin rashin gyara. Muddin abin da ran mai tallan gyaɗa a bakin titi zai ci masa bai wuce buhun shinkafa da ambulan ba, lissafinsa zai ci gaba da ba shi amsa ɗaya.

Wata shari'a ta Ingila ta nuna yadda kotu ke kwance wannan kalma. A shari'ar Henderson da kamfanin Jenkins, wadda kotun ƙolinsu ta yanke a 1969, wata babbar mota ce birkinta ya shanye a gangara ta kashe wani direban gidan waya da ya sauko daga motarsa. Masu motar suka ce bututun man birki ne ya ɓule a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kuma suna duba motar yadda aka saba. Matar mamacin ta yi nasara duk da haka. Mafi rinjayen alƙalan suka ce tunda masu motar ne kaɗai suka san irin hanyoyin da ta bi da irin kayan da ta ɗauka, su ne za su kawo shaidar cewa ba abin da ya faru da ita da zai sa mai hankali ya zurfafa bincike, kuma ba su kawo ba. Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba, amma irin wanda suke waiwaya ne, kuma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa sananniya ce a wurinmu: motar da aka kula da ita ba ta hawa kan mutane haka kawai, don haka mai ita ne zai yi bayani. Wannan shi ne amfanin ƙara da ambulan ba zai taɓa yi ba. Tana tilasta a buɗe littafin gareji.

Kuɗin biya kuma, a ƙa'ida, akwai shi. Tun dokar 1945 wajibi ne kowace mota ta riƙe inshorar da ke kare wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin wannan inshora naira 15,000 ga ƙaramar motar gida, naira 100,000 ga babbar motar kaya. Mutane da yawa sun ji cewa tana biyan miliyan uku ko biyar, sai suka ɗauka iyakarta ke nan. Wannan iyaka ta ɓarnar dukiya ce. A kan rai da raunin jiki ba a yanka mata iyaka ba. Duk gidan da ya yafe ba tare da ya nemi kamfanin inshora ba, bai sauƙaƙa wa direba komai ba, kyauta ya yi wa kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa don irin wannan rana.

Ba zan ɓoye raunin wannan hanya ba, kuma raunin yana da girma. Shari'a a babbar kotu takan ci shekaru, ɗaukaka ƙara ta ci wasu, hauhawar farashi kuma tana cinye kuɗin tun kafin a biya. Takardun inshora na bogi sun cika hanya. Motoci da yawa ba na manyan kamfanoni ba ne, na mutum ɗaya ne mai mota biyu, wanda in an matsa shi zai ce haya ya bayar. Akwai kuma wa'adin shigar da ƙara, wanda yakan wuce iyali suna jiran alkawarin da aka yi musu a zaure.

Raunin da ya fi damuna yana cikin dokar kanta. Tsarin da muka gada daga Ingila ba ya biyan rai, yana biyan abin da iyali suka rasa na kuɗi. Alƙali zai duba abin da mamaci ke kashe wa iyalinsa a shekara, ya ninka da adadin shekarun da ake zaton zai ci gaba da yi. Ga likita ko babban ɗan kasuwa, wannan lissafi yana fitar da adadi mai kauri. Ga mai turin baro da ba shi da takardar albashi, ko tsohuwa mai sayar da ƙuli, ko yarinyar da aka aika sayen kalanzir, lissafin yakan tashi kusan babu. Su ne kuwa tirela ta fi samu, domin su ne ke tafiya a ƙasa, su ne ke kasa kaya a inda babbar hanya ta ratsa tsakiyar kasuwa. A nan diyyar fiƙihu ta fi wannan tsari adalci nesa ba kusa ba, don ba ta tambayar sana'ar mamaci ko abin da yake samu. Attajiri da almajiri kuɗinsu ɗaya.

Wasu za su nuna Amurka, ko don sha'awa ko don tsoratarwa. A can lauya yakan ɗauki irin wannan ƙara ba tare da an biya shi ba, sai an ci ya ɗauki kasonsa, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku. Doka ta hana direban babbar mota tuƙi fiye da awa 11 ba tare da dogon hutu ba, kuma tun Disambar 2017 na'ura ce ke rubuta awanninsa, don haka abu na farko da lauyan iyali ke yi shi ne ya hana kamfani goge wannan bayani. Masu taya alƙali yanke hukunci sukan ɗora wa kamfanoni miliyoyin daloli masu yawa, kamfanonin suna kukan an mayar da su saniyar tatsa, har jihar Texas ta yi doka a 2021 don rage musu zafi. Wannan rigimarsu ce. Abin ɗauka a ciki ɗaya ne: a can mai mota yana tsoron littafin garejinsa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana tsallaken iyaka. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yawunde a 1992, wadda ta ɗauko ruhinta daga dokar Faransa ta 1985 mai ɗauke da sunan Badinter. A wannan tsari, mai tafiya a ƙasa da mota ta buge ba a kafa masa hujja da kuskurensa, sai in shi ya nemi abin da gangan. Kamfanin inshora ne doka ta ɗora wa ya kawo tayin biya cikin wa'adi, kuma ana lissafin ne da jadawalin da aka gina a kan mafi ƙarancin albashi. Adadin ba shi da yawa, ana kuma kukan jinkiri a can ma. Amma a dubi bambancin: tirela ɗaya, lodi ɗaya, in ta take mutum a Maraɗi tambayar ita ce nawa za a biya kuma yaushe, in ta take shi a Jibiya sai an fara da gardamar ko ya duba hagu da dama kafin ya tsallaka. A dokarmu kuskuren mamaci yana rage diyya ne kawai, ba ya soke ta, amma a zaure an mayar da shi dalilin yin shiru gaba ɗaya. Indiya ma ta ware kotuna na musamman don ƙararrakin haɗarin mota, ta kuma yanka wani adadi da ake biyan iyalin mamaci ba tare da sai sun tabbatar da laifin kowa ba.

Abin da nake ganin ya dace majalisun jihohinmu su yi bai fi ƙarfinsu ba, tunda dokar haɗarin da ya jawo mutuwa tasu ce. A sa wani adadi na ƙasa da ba a sauka daga gare shi ga kowane rai, ko na yaro ko na tsoho. A ce duk sulhun da ya shafi rabon ƙananan yara ba ya zama sai alƙali ya gani ya amince. Wannan na biyun ko kobo ba zai ci wa gwamnati ba, kuma zai sauya abin da ke faruwa a zaure tun daga ranar da aka sa masa hannu, domin wakilin mai mota zai san takardar baffa ba ta kashe magana.

Kafin a kai can, akwai abin da ya rage a hannun irin masu karanta wannan wasiƙa. A yawancin danginmu, lauya ko ma'aikacin banki ko malamin jami'a shi ake kira idan irin wannan ta faru, kuma yakan iso ya tarar dattawa sun gama magana, ya ji nauyin tayar da ita. Ba sai ya yi jayayya da kowa ba, ba kuma sai ya hana a yafe wa direba abin da ke tsakaninsa da Allah ba. Ya rubuta lambar motar da sunan da ke jikin ƙofarta. Ya nemi rahoton 'yan sanda da na jami'an duba lafiyar motoci kafin a sake ta, ya karɓi takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Ya shigar da lambar a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wanda ake dubawa ta waya, ya ga ko takardar ta gaske ce da kuma kamfanin da ya bayar da ita. Sannan ya roƙi malamin da zai raba gado ya lissafa magada tun yanzu, da sunayensu da shekarunsu, a karanta a gaban wakilan mai mota kafin kowa ya sa hannu a kan komai.